Daga Ina Kakanku Ya Zo? Bin Sawun Asali a Kaduna da Yadda Za Mu Rubuta Shi



A gidanmu na Unguwar Shanu mun taso muna jin cewa kakanmu jinin sarautar Katsina ne. Wai an yi neman sarauta aka ba ƙaninsa, shi kuwa ya ga ba zai iya faɗuwa gaban ƙani ya yi gaisuwa ba, ya ɗaure kayansa cikin dare, bai zame ko'ina ba sai Kaduna. Duk unguwa Bakatsine ake ce masa har ya bar duniya, mu ma da wannan muke tinƙaho a makaranta. Da muka girma muka fara jin na abokai a Kawo da Badarawa da Unguwar Kanawa da Tudun Wada, sai muka ga ashe kusan kowane gida da irin nasa labarin. In ba ɗan sarkin da aka hana gado ba ne, to babban malami ne da ya taso za shi Makka guzuri ya ƙare masa a hanya. Nan tambaya ta zo mana: to su waɗanda suka ɗauki ƙarfen dogo a ka, suka koro shanu daga arewa, suka yi wa Turawa kuku da boyi da gadi, ina jikokinsu suka shiga? Amsar dai mun san ta. Mu ne.

A kan wannan maƙalar makon nan za ta tsaya: yadda marubuci zai bi sawun kakan da ya zo Kaduna daga wani wuri, da yadda zai rubuta abin da ya gano ba tare da ya yi wa mamaci ƙarya ko ya jawo wa rayayye wahala ba.

GARIN DA AKA SAN MAFARINSA

Kano da Katsina da Zariya sun daɗe ƙwarai, mafarinsu ya gauraye da tatsuniya. Kaduna kuwa an san shekarun da aka kafa ta. Kafin zuwan Turawa akwai ƙauyukan Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwari, a gefen kogin, ga kuma Fulani makiyaya suna kai da kawowa, ƙasar tana ƙarƙashin Zazzau. Mai rubutu ya kiyaye wannan tun farko, kada ya ce daji ne da babu kowa. Sunaye irin su Unguwar Gwari da Kurmin Gwari suna nan suna ba da shaida.

Dogo da bariki su suka haifi birnin. Layin jirgin ƙasa da aka faro daga Baro ya ƙetare kogin Kaduna ya isa Kano a 1911, a 1912 kuma aka haɗa shi da layin Ikko. Gwamna Lugga ya gaji da Zungeru saboda zafi da sauro da nisanta daga manyan masarautu. Yana son wuri mai ruwa, a kan dogo, wanda ba birnin wani sarki ba. Sojoji suka fara tarewa wajen 1913, ofisoshin gwamnati suka biyo baya a 1917. A 1927 layin gabas daga Fatakwal ya iso ta Kafanchan. Hatta 'yar gadar ƙarfen nan da ke lambun Gamji baƙuwa ce, daga Zungeru aka ciro ta aka kawo.

Da gwamnati aka zo da mutanenta: sojoji da akawuna da masinjoji da leburori. Cikinsu akwai Nupawa da Yarabawa da Barebari da Hausawa daga kowace masarauta, da mutanen Saliyo da na ƙasar da yanzu ake kira Gana, daga baya Ibo suka biyo layin gabas. Turawa suka ware unguwarsu suka bar fili tsakaninsu da kowa, aka yanka Sabon Gari saboda akawuna da 'yan kasuwa, Tudun Wada ta cika da 'yan Arewa masu aikin ƙarfi. Wanda ya iya karatun suna zai ga taswirar garin kanta rajista ce. Ga Tudun Nupawa, ga Unguwar Kanawa, ga titunan Kano da Katsina da Legas da Abeokuta a tsakiyar gari. Kabala Costain sunan kamfanin gine-gine ta ɗauka. Barikin Dalet da ke Kawo sunan wani wuri ne a Bama, inda sojojinmu suka yi yaƙin duniya na biyu.

Bayan yaƙin ne garin ya buɗe sosai. Sojoji suka dawo ba su koma ƙauye ba. Sardauna ya zama Firimiya a 1954, a 1956 aka cire Kaduna daga Lardin Zazzau aka mayar da ita yankin babban birni. Masaƙar farko ta fara aiki a Kakuri a 1957, wasu suka biyo ta a shekarun 1960. Ƙidayar 1963 ta ba garin kusan mutum dubu 150. Fari na 1973 zuwa 1974 ya koro Buzaye da sauran mutanen Nijar, suka kama gadi da ga-ruwa da sayar da shayi. Kamfanin Peugeot ya buɗe a 1975, matatar mai a 1980.

Wannan tarihi sa'a ce gare mu. Bakano ɗan cikin birni da ke neman wanda ya fara zuwa a zuriyarsu zai iya komawa baya shekara ɗari uku bai same shi ba. Mu kuwa in an yi nisa kakan uba ne. Akwai tsofaffin da suka gan shi da idonsu, suka ji muryarsa. Sai dai kullum raguwa suke yi.

ABIN DA AKE ƁOYEWA

Baƙunta ba abin kunya ba ce a tarihin Hausawa. Labarin Bayajida daga Bagadaza ya kawo shi. Tarihin Kano ya ce Wangarawa daga Mali suka zo a zamanin Sarki Yaji, cikin ƙarni na 14. Agalawa da Tokarawa asalinsu daga wajen Azbin ne, suka zauna ƙasar Katsina da Kano suka zama manyan fataken goro zuwa Gwanja, daga cikin Agalawa aka sami Alhassan Ɗantata. Hausanci riga ce mai faɗi, ta daɗe tana karɓar mutane. Abin da gidaje ke ɓoyewa shi ne dalilin tasowa. Wanda ya zo daga gabas da littattafai a kan raƙumi ana faɗin sunansa da ƙarfi. Wanda ya zo daga maƙwabta da ƙoƙo a hannu, shi ake yi wa kwaskwarima.

Dalili na farko yunwa ce. Tsofaffinmu sun raɗa wa kowace suna: Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, wadda ta zo daidai da lokacin da ake neman leburori a sabon garin gwamna, da 'Yar Buhu ta 1927, da 'Yar Gusau ta wajen 1942, da Muɗa ta 1953 zuwa 1954. A Nijar ta 1984 'Yar Buhari suke ce mata, saboda ta zo daidai da rufe iyaka.

Na biyu haraji ne da aikin tilas. Tsakanin 1906 da 1908 Ingila da Faransa suka kafa duwatsun iyaka suka raba mutane ɗaya gida biyu. A ɓangaren Faransa ana ɗibar mutane aikin hanya da gini ba lada, ana kuma ɗibar soja, ba a soke aikin tilas ba sai a 1946. Mutane da yawa suka tsallako kudu. A ɓangarenmu ma an yi ɗiban gwamna zuwa haƙar kuza a Jos tsakanin 1942 da 1944, wasu da suka tsere ba su koma garuruwansu ba.

Na uku shi ne wanda ya fi nauyi a baki, wato bauta. Dokar Turawa ta ce duk yaron da aka haifa daga Afrilun 1901 ɗa ne, amma ba a kashe bautar gaba ɗaya a Arewa ba sai a 1936. Wanda ya fanshi kansa ko ya gudu daga rinji, wurin da ba a san shi ba yake nema. Bariki da dogo da sabon gari ba sa tambayar asali. Mutum ya zo ya faɗi sunan da yake so, ya liƙa sunan wani gari a bayansa, shi ke nan ya zama sabon mutum. Kaduna ta yi wa mutane da yawa wannan sutura, kuma alheri ne ta yi musu.

Sauran dalilan na cikin gida ne: bashi, rigimar gona, auren da aka hana, abin kunya. Da kuma waɗanda ba abin da ya koro su, almajiranci ko cin rani ko son ganin duniya ya kawo su, suka ga wuri suka zauna.

YADDA MUKA GANO NAMU

Shekaru muka yi muna tambayar maza, kowa na maimaita mana labarin sarauta. Wadda ta buɗe mana ƙofa gwaggonmu ce, 'yar kakan ta fari. Ranar farko korar mu ta yi. Ta ce, "Ku 'ya'yan nan, garin tone-tone fa kaza ta tono wuƙar yanka ta." Muka bar zancen. Muka riƙa zuwa gaisuwa da ɗan goro, muna tambayarta abincin da yake so da irin faɗan da yake yi. Wata rana tana kwaikwayon maganarsa sai muka ji ta ce "lakwal" a wurin makaranta, ta ce "kumandan" a wurin Di'o. Muka ce, "Gwaggo, ai wannan Hausar Nijar ce." Ta yi shiru, can ta ce, "To da daga ina kuke zato yake?"

Ashe daga wani ƙauye yake a ƙasar Maraɗi. Faransawa sun ɗauki wansa aikin hanya bai dawo ba, da aka zo ɗiba ta biyu uwarsu ta ce ya gudu. Ya bi masu shanu yana yi musu kora har Kaduna, damina biyu bayan 'Yar Buhu. Ke nan wajen 1929 ya iso. Uban kakan manomi ne. Zancen sarauta kuwa, wani ɗan'uwan ubansa ne ya taɓa riƙe mai gari a ƙauyen. Daga wannan 'yar ƙwaya aka shuka bishiyar da muka taso a inuwarta.

Abin lura shi ne bai yi ƙarya ba da ya amsa Bakatsine. Da jihadi ya ci Katsina wajen 1807, tsohon gidan sarautar ya yi arewa, daga baya ya kafu a Maraɗi a ƙarƙashin Ɗan Kasawa. Har gobe Sarkin Katsina ake ce wa sarkin Maraɗi, mutanensa kuma Katsinawa ne. Mu ne muka ji Katsina muka kai ta inda muke so. Da ba mu san tarihin Maraɗi ba, da sai mu rubuta cewa kakanmu maƙaryaci ne, mu zalunce shi a kabari.

Ba mu tsaya a bakin mutum ɗaya ba. Mun sami wani dattijo a unguwa wanda mahaifinsa ke saukar da masu shanu, ya ba mu labari kusan iri ɗaya ba tare da mun gaya masa abin da Gwaggo ta ce ba. A tsohuwar adaka kuma muka tarar da wata wasiƙa ta ajami daga dangi, da sunan ƙauyen a ciki.

BAKI DA JIKI DA ADAKA

Darasin farko: a fara da mata. Maza salsala suke haddacewa, wane ɗan wane, su tsallake duk abin da bai da daɗi. Mata su suka san wa ya auri wa, wa aka yi wa riƙo, wace kishiya ce ta fita da goyo. A nemi asalin kakanni mata ma, don bishiyar zuriya da muke zanawa yawanci reshen maza kaɗai take da shi. Namijin da ya zo Kaduna shi kaɗai a nan ya yi aure. Sau da yawa matar Bazazzagiya ce, ko Banufiya, ko 'yar Gbagyi ko Adara da ta musulunta aka sake mata suna, jikoki ba su san ta taɓa jin wani harshe ba.

Na biyu: kada a tambayi tsoho shekara, a tambaye shi abin da ya faru. Rasuwar Sarkin Katsina Dikko 1944 ce. Zuwan Sarauniya da babban hawan da aka yi mata a Kaduna 1956. Kisan Sardauna Janairun 1966. Canjin hannun tuƙi 1972, canjin kuɗi zuwa naira 1973. Marubuci ya yi wa kansa jadawalin irin waɗannan ya riƙa auna zance da shi.

Na uku: suna yana ruɗarwa. Ba mu da sunan zuriya ɗaya da ke bin gida kamar Turawa. Kowane ɗa sunan ubansa yake ɗauka, makarantar boko da soja kuma sunan gari suke liƙa wa mutum, shi ya sa muke da Aminu Kano da Isa Kaita da Sa'adu Zungur. Amma garin da aka liƙa wa soja wani lokaci inda aka ɗauke shi ne kawai. Ga kuma alkunya. Mace ba ta faɗin sunan mijinta ko na ɗan fari, sai ka shekara kana jin "Malam" ko "Mai gida" ko "Yaron nan". A tattara duk sunayen mutum: na yanka, da na rana, da laƙabi, da wanda abokan aiki ke kiransa.

Na huɗu: jiki da wasa suna riƙe abin da baki ya manta. In akwai tsohon hoto, a kai wa tsohon wanzami ya duba zanen fuska. A tambaya da su wa kakan yake wasan barkwanci, don Bafulatani da Babarbare suke yi, Bagobiri da Bayarabe, Bakatsine da Banufe, Bakano da Bazazzagi. Wannan alama ce kawai, ba a yanke hukunci da ita sai an sami wata shaidar.

Na biyar: adaka da bayan littafi. Rasidan haraji da jangali, waɗanda aka daina yankawa a nan bayan gwamnatin Balarabe Musa ta soke su a 1979, da fasfon aikin hajji, da takardar sallama ta soja, da katin aikin reluwe ko na masaƙa, da takardar cinikin gida, da ta rabon gado daga kotun alƙali. Malamai da yawa a bangon Alƙur'ani ko na Dala'ilu suke rubuta ranar haihuwar 'ya'yansu. A ɗauki hoton komai da waya kafin gara ta riga mu.

Akwai abin da ya shafi Kaduna musamman. Rikicin 1966 ya kwashe maƙwabta da yawa. Na 2000 da na 2002 kuma suka raba garin gida biyu, Musulmi suka fi yawa a arewacin kogi, Kirista a kudanci, gidaje suka ƙone da takardun da ke cikinsu. Matar da ta zauna gida ɗaya da kakarku shekara talatin a tsakiyar gari wataƙila yau tana Narayi ko Sabon Tasha. Mai neman tarihin gidansu sai ya ƙetare gada ya je ya gaishe ta. Rabin labarin yana can.

GIDAJEN TAKARDU

Mu 'yan Kaduna rijiya tana ƙofar gidanmu. Gidan adana takardun tarihi na ƙasa, reshen Arewa, yana kan titin Yakubu Gowon. A nan fayilolin sakatariyar Jihar Arewa suke, da na larduna, waɗanda ake wa laƙabi da Zarprof da Kanoprof da Katprof da Sokprof, da rubuce-rubucen Larabci da ajami. Ga kuma Arewa House a kan titin Rabah, tsohon gidan Sardauna, wanda ya zama cibiyar binciken tarihi, yanzu tana ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, Farfesa Abdullahi Smith ne ya fara shugabantarsa.

Kada a shiga da zaton za a ga sunan kaka a shafin farko. Bature ba ya rubuta sunan talaka sai in ya yi laifi, ko ya kai ƙara, ko yana karɓar albashi. Mu ba mu ga sunan namu ba ko sau ɗaya. Abin da fayil ke bayarwa shi ne duniyar da mutumin ya rayu a ciki: rahoton shekara na Razdan, da rahoton ƙiyasin haraji na gunduma, da farashin hatsi, da zancen masu tsallako iyaka. A kuma lura da rubutun suna. Muhammadu kan fito Momodu ko Mamadu, Damagaram ita ce Zinder, Tasawa ita ce Tessaoua, Tawa ita ce Tahoua.

Tsofaffin jaridu ma taska ce: Gaskiya Ta Fi Kwabo tun daga 1939, da New Nigerian tun daga 1966. Akwai kuma babban binciken da kamfanin Max Lock ya yi wa garin aka buga a 1967, cike da taswirori da bayanin unguwanni. Wanda kakansa ya tafi Bama bai dawo ba, hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila ta sa sunayen mamatanta a intanet, ana dubawa kyauta. Wanda sawunsa ya kai Nijar kuwa, akwai gidan takardun ƙasa a Yamai, amma kafin nan tsofaffin ƙauyen sun fi kowane fayil.

IN AN ZO RUBUTU

Nan ne aikinmu na marubuta. Shawararmu ita ce a raba kaya kwando uku: abin da aka gaya mana, da abin da muka gani a rubuce, da abin da muke zato. Mai karatu ya riƙa sanin kwandon da kowace jimla ta fito. Hausa ba ta rasa kayan aikin ba, muna da "wai" da "an ce" da "in ji" da "takarda ta nuna" da "mai yiwuwa". Shi kansa labarin sarautar ba a jefar da shi. A rubuta shi a matsayin abin da gida ke faɗi, a nuna daga inda ya tsiro, don shi ma tarihi ne, yana nuna abin da iyayenmu suka ji tsoro da abin da suka so wa 'ya'yansu.

Akwai misalai biyu da ya kamata mu sani. Na farko Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta labarin rayuwarta daga bakinta a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, aka buga a 1954. Tsohuwa ce da ba ta yi boko ba, ta faɗi asalin gidansu daga Barno, ta faɗi rinji da bayi da hare-hare da aure-aurenta yadda suke. Shi ya sa har yau masana ke komawa gare ta. Na biyu Alex Haley, baƙar fatar Amurka, wanda littafinsa Roots ya fito a 1976 ya girgiza duniya, inda ya ce ya bi asalinsa har ƙauyen Juffure a Gambiya. Daga baya masu bincike suka nuna wurare da dama da labarin ya saɓa wa takardu, suka kuma sa shakka a kan wanda ya ba shi labarin a ƙauyen. In ka je gari da alamar kuɗi kana faɗin amsar da kake so, za a ba ka ita.

Wanda ya ga shaidarsa ba ta kai ba, ƙofar ƙagaggen labari a buɗe take. Abubakar Tafawa Ɓalewa ta wannan hanya ya nuna zafin bauta da rabuwar uwa da ɗa a Shaihu Umar. Sharaɗin kawai a faɗa cewa ƙage ne. Abin da bai halatta ba shi ne a sa wa kaka maganar da bai yi ba, a ba shi rawanin da bai naɗa ba, sannan a rubuta "tarihi" a bango. Gobe jika zai ɗauka ya kafa hujja da shi.

TSORON GWAGGO

Da muka ce za mu buga, Gwaggo ta ce, "Yara na neman aiki da makaranta, za ku je ku gaya wa duniya mu 'yan Nijar ne?" Tsoronta yana da tushe. A Janairun 1980 gwamnatin tarayya ta ɗauki Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a Majalisar Dokokin Jihar Barno, ta kai shi Chadi bisa zargin cewa can ne asalin mahaifinsa. Sai da kotu ta tabbatar ɗan Nijeriya ne. A 1983 an kori baƙi masu ɗimbin yawa daga ƙasar nan, kamar yadda Gana ta kori namu a 1969. In an yi wa ɗan majalisa haka, ina ga ɗan talaka?

Muka koma ga kundin tsarin mulki na 1999. Sashe na 25 ya ce wanda aka haifa a Nijeriya kafin 'yancin kai ɗan ƙasa ne in ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ya fito daga wata al'umma ta asalin ƙasar nan. Wanda aka haifa bayan 'yanci kuwa, ya isa a ce ɗaya daga iyaye ko kakanni ɗan ƙasa ne. Kakarmu Bazazzagiya ce, an haifi mahaifinmu a Kaduna, ke nan babu ja a kan zamanmu 'yan ƙasa. Takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma ita ce wata aba daban, ita ake nema wajen gurbin karatu da ɗaukar aiki, kuma a nan ne mai mugun nufi zai iya ɗaukar rubutunka ya soki ɗan'uwanka da shi.

Ga abin da muka yi. Muka tara gida muka karanta musu komai. Cikakken bayani, da sunaye da sunan ƙauye, muka buga shi 'yan kofe kaɗan saboda zuriya. Abin da zai fita waje kuwa, kamar wannan da kuke karantawa, muka cire sunaye muka bar labarin, da yardar manya. In da zancen bauta muka tono, da sai mun ƙara taka-tsantsan, don har yanzu akwai gidajen da ake fasa aure saboda shi. Sakaya suna hakkin dangi ne. Musanya gaskiya da ƙarya kuwa ba hakkin kowa ba ne.

Gwaggo ta saurari karatun har ƙarshe. Gyara ɗaya ta yi mana, ta ce ba shi kaɗai ya taso ba, su biyu ne da wani abokinsa da zazzaɓi ya kashe a hanya kafin su kai Funtuwa. Ta faɗi sunansa muka rubuta. In ban da ita babu wanda ya rage a duniya da ya san an yi wannan mutumin.

Saboda haka aikin wannan mako ga duk mai sha'awa: a je wurin wadda ta fi kowa tsufa a gida, a nemi izininta a kunna rikoda ta waya. A tambaye ta wa ya fara zuwa Kaduna, a wurin wa ya sauka, da wace sana'a ya fara cin abinci. A rubuta shafi ɗaya a kawo mu duba tare, a sakaya sunan da ya kamata a sakaya. Inda muka yi kuskure a shekara ko suna, masana tarihin da ke cikinmu su gyara mana.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa mu gama da iyayenmu lafiya.